Lambu Ba Kaftu: Yadda Ake Yaƙar Ciyawa da Duhu

Gabatarwa

Duk mai lambu ya san wannan al'amari: mutum ya kafce fili, ya farfasa ɓurɓushin ƙasa, ya baje ta sumul, ya ba ta ruwa, amma kafin kwana 10 sai wurin ya yi kore shar da ciyawar da ba shi ya shuka ba. Ya nome ta, ta sake fitowa, ya yi maimai, ta kuma dawowa. Da yawa daga cikin ƙarfin mai lambu da kuɗin ƙwadagonsa a nan suke ƙarewa, kuma idan ya yi sakaci na mako 2 ko 3 a farkon rayuwar albasa ko karas, to amfanin wannan shekara ya riga ya raunana.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, daga ina wannan ciyawa take fitowa, kuma me ya sa take fin yawa bayan an yi kaftu? Amsar da masana kimiyyar tsirrai suka samu ita ce ginshiƙin wata hanyar aikin lambu wadda ba a juya ƙasa a cikinta, sai dai a lulluɓe ta da taki daga sama, a yi shuka a cikin takin. Wannan maƙala za ta bayyana dalilan da suka sa hanyar take aiki, da yadda ake kafa fangali da ita, da yadda ake kula da shi, da kuma wuraren da take da iyaka, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu.

Rumbun iri da ke ƙarƙashin ƙasa

Ƙasar noma rumbu ce cike da ƙwayoyin irin ciyawa. A fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 akan sami dubbai, wani lokaci dubun-dubatar ƙwayoyi, a kwance cikin ƙasar da fartanya ke juyawa. Mafi yawansu suna da rai, barci kawai suke yi, kuma barcin yana da tsawo ƙwarai.

A shekarar 1879 wani malamin ilimin tsirrai mai suna William Beal, a kwalejin aikin gona ta Jihar Mishigan a Amurka, ya cika kwalabe 20 da yashi haɗe da irin ciyayi daban-daban, ya binne su, domin a riƙa tono ɗaya bayan ɗaya ana gwada ko irin zai tsira. Shi ya rasu, amma gwajin ya ci gaba a hannun magadansa. Irin fasa-ƙabba, wadda wasu ke kira babba-jibji, da na wata 'yar'uwar rukuɓu, sun tsira bayan shekara 40 a binne. Da aka tono wata kwalbar a 2021, wato bayan fiye da shekara 140, an sami ƙwayoyin wata ciyawa sun tsiro.

To, me ke tashin ƙwaya daga wannan barci? Ƙananan ƙwayoyi irin na rukuɓu ba su da guzurin abinci mai yawa. Idan ƙwaya ta tsira a zurfin santimita 10, ƙarfinta zai ƙare kafin ta kai ga hasken rana, sai ta mutu. Saboda haka Allah ya hore mata hanyoyin gane cewa tana kusa da sarari. Babba daga cikinsu shi ne haske. A cikin ƙwayar akwai wani sinadari mai suna faitokurom, wanda masu bincike a Beltsville ta Amurka suka fara ganowa a 1959. Idan jan hasken da ke cikin hasken rana ya same shi, sai ya sauya siffa, ya ba ƙwayar izinin tsirowa. Haske ba ya ratsa ƙasa fiye da 'yan milimita kaɗan, amma ga wasu ƙwayoyin, walƙiyar haske ta ƙiftawar ido a lokacin da fartanya ta ɗaga ƙasa ta juye ta ta isa ta tashe su. Alama ta biyu ita ce bambancin zafin rana da sanyin dare, wanda yake da girma a saman ƙasa, yake raguwa idan an yi zurfi.

Ke nan duk lokacin da aka yi kaftu, an kashe ciyawar da ke tsaye, amma an ɗebo sabon iri daga rumbu an kawo shi inda zai farka. A nan hikimar Bahaushe da ya ce a bar kaza cikin gashinta take da wurin zama.

Ƙasa a matsayin gida mai mazauna

Dalili na biyu ya shafi ginin ƙasar kanta. Ƙasa mai kyau takan dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsaki, tsakanin dunƙulen kuma akwai kafofi da ruwa da iska ke bi. Masu yin wannan gini su ne tana da gara da saiwoyin tsirrai da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Littafin ƙarshe da Charles Darwin ya wallafa, a 1881, a kan tana ya yi shi, inda ya nuna cewa tana juya ƙasa tana haɗa ta da ruɓaɓɓen ganye tun kafin ɗan Adam ya ƙera garma.

Akwai kuma wasu siraran zaruruwa, dangin funfuna da naman kaza, da ke haɗuwa da saiwar shuka, ana kiran haɗin maikoraiza. Zaruruwan suna miƙewa nesa da inda saiwa ke kaiwa, su jawo sinadarin fosfaras da ruwa su ba shuka, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya sarrafa. Albasa da tattasai da tumatir da kuɓewa duk suna wannan ƙawance, amma kabeji da alayyafo ba sa yi. Kaftu yana tsinka zaruruwan, ya rushe ramukan tana, ya kuma shigar da iska mai yawa wadda ke sa ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa ya ƙone da sauri. Shi ya sa ƙasar da aka kafce takan yi laushi na 'yan kwanaki, amma da ruwa ya doke ta sau biyu ko uku sai samanta ya yi ɓawo mai tauri.

Taƙaitaccen tarihi

Tunanin barin kaftu ya daɗe. A 1943 Edward Faulkner ya wallafa littafi a Amurka yana tuhumar garma da lalata ƙasa. A Ingila, F. C. King, shugaban masu kula da lambun wani babban gida, ya rubuta ɗan littafi a 1946 yana tambayar ko kaftu dole ne. Ruth Stout a Amurka ta shahara tun daga 1955 da lulluɓe lambunta da busasshiyar ciyawa mai kauri, Esther Deans kuma ta yaɗa hanyar a Ostareliya a shekarun 1970. A zamaninmu wanda ya fi fice shi ne Charles Dowding na yankin Somerset a Ingila, wanda ya fara noman kayan lambu na sayarwa ba kaftu tun farkon shekarun 1980. Tun 2013 yake kwatanta fangali biyu a jere a gidansa, ɗaya ana kafce shi a binne taki, ɗaya ana zuba taki daidai wannan adadi a sama. A mafi yawan shekaru na biyun ya ɗan fi ba da amfani, ciyawarsa kuma ta fi ƙaranci.

A nan Nijeriya, Rattan Lal ya yi bincike a Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi ta Duniya da ke Ibadan daga 1970 zuwa 1987, ya nuna cewa barin ragowar amfani a saman ƙasa ba tare da huɗa ba yana rage zaizaya ƙwarai, yana sanyaya ƙasa, yana kuma tsare damshi. Ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2020.

Yadda ake kafa fangali

Da farko a zaɓi wuri mai samun rana, kusa da ruwa, wanda aka killace daga awaki da kaji. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1.2, domin hannu ya kai tsakiyarsa daga kowane gefe. Wannan sharaɗi ne babba, gama ƙasar da ba za a kafce ba, ba a tattaka ta. A bar hanya mai faɗin kamar santimita 40 tsakanin fangali da fangali, ita ce wurin taka ƙafa har abada.

Na biyu, a sassabe ciyawar da ke wurin daidai da ƙasa, a bar saiwoyinta a ciki su ruɓe. Idan ta riga ta yi 'ya'ya, a kwashe kan a fitar. Kututture da ƙaya kuwa sai an tone su. Sannan a shayar da wurin sosai har ruwa ya ratsa, domin idan aka rufe busasshiyar ƙasa za ta daɗe a bushe.

Na uku, a shimfiɗa kwali. Kwalin shaguna mai launin ƙasa shi ne ake so, a cire masa salatif da ƙusoshin waya, a guji mai sheƙi wanda aka shafe da leda. Kowane kwali ya hau kan ɗan'uwansa da kamar santimita 15, don kada haske ya sami kafa. A rufe har hanyoyin tsakani, a jiƙa kwalin.

Na huɗu, a zuba ruɓaɓɓen taki a kan kwalin, kaurin santimita 10 zuwa 15, a danna shi kaɗan. Ga lissafi: fangali mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 3, a kaurin santimita 10, yana cin lita 360, wato bokiti 18 mai cin lita 20. Wannan shi ne kashi mafi tsada a aikin, don haka mai farawa ya fara da fangali ɗaya ko biyu.

Ana iya dashen tumatir ko latas ko kabeji a ranar, a cikin takin. Kafin saiwa ta kai ga kwalin ya riga ya yi laushi, sai ta huda shi ta shiga ƙasa. Ciyawar da ke ƙarƙashi kuwa tana ta ƙoƙarin tsirowa cikin duhu, tana cinye abincin da ta ajiye ba tare da ta sami sabo ba, har ta mutu. Ciyawa mai shekara guda takan mutu cikin 'yan makonni.

Abin da ya bambanta a ƙasarmu

Mai lambu a Ingila yana zuba taki tsura ya bar shi a buɗe, saboda busasshiyar ciyawa a ƙasa mai sanyi da damshi mafaka ce ga dodon koɗi mai cin ganye. Mu kuwa matsalarmu rana ce. A watannin Maris da Afrilu zafin saman ƙasa tsirara yakan haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, baƙin taki kuma ya fi jan zafi. Saboda haka da zarar dashe ya kama, a ƙara lulluɓi na biyu a kan takin, kaurin santimita 5 zuwa 8: ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko busasshen ganyen darbejiya, ko ciyawar da aka yanka kafin ta yi 'ya'ya. A bar ɗan sarari kewaye da wuyan shuka don kada ya ruɓe. A lokacin hunturu a ɗora kara a sama don kada iska ta kwashe.

Dusar katako da ɓuntu suna da ƙarancin naitirojin. Idan aka cuɗa su cikin ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su kwashe naitirojin ɗin ƙasar, ganyen shuka ya yi rawaya. A saman ƙasa kuwa illarsu kaɗan ce. Wurinsu ke nan, kada a binne su.

Sai batun gara. A busassun ƙasashe ita ce ke yin mafi yawan aikin da tana ke yi a ƙasashe masu damshi. Binciken da Abdoulaye Mando ya yi a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka shimfiɗa kara da ciyawa a kan fako mai tauri, gara takan zo ci, ta huda ramuka, ruwa ya sami hanyar shiga, har tsirrai su dawo. Manoman yankin Tawa a Nijar masu haƙa ramukan tassa suna zuba taki a ciki sun san wannan hidima tata. Amma hidimar tana da farashi: gara za ta cinye kwali da lulluɓi da wuri. Ga kuma zafi, wanda a ƙa'ida kowane ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin ruɓewa. Don haka inda mai lambu a Ingila ke ƙara taki sau ɗaya a shekara, mu sai mu ƙara sau biyu. Gara ta fi son mataccen abu, takan auka wa shuka mai rai ne galibi idan shukar ta galabaita da ƙishi, ko kuma lulluɓi ya ƙare. Kada a bar ɗaya daga cikin biyun ya faru.

Game da siffar fangali, a noman rani an saba da kwami mai gefe a tashe don ya riƙe ruwa. Ana iya kafa wannan tsari a cikin kwami, a gyara gefunan sau ɗaya a bar su. Sai dai idan ana sako ruwa da ƙarfi daga injin ban-ruwa, ɓuntu zai taso ya taru a gefe guda, kuma ruwan magudana yana ɗauko irin ciyawa. A sassauta ruwan a bakin shiga, ko a yi amfani da butar ban-ruwa. A damina kuwa, a wurin da ruwa ke kwanciya, fangalin ya zama a tashe. A riƙa kuma lura da kunama da maciji, ana taɓa lulluɓi da sanda kafin a sa hannu.

Ingancin taki

Nasarar wannan hanya a kan taki ta rataya, domin shi ne sabon saman ƙasar. Irin ciyawa da yawa yana ratsa cikin saniya ko akuya ya fito da ransa, saboda haka wanda ya shimfiɗa ɗanyen kashin dabbobi ya shuka ciyawa da hannunsa. Magani shi ne a tara kashin da ganye da ɓawo tsibi mai tsayin kamar mita 1, a jiƙa shi, a rufe. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗauki zafi. Idan ya kai digiri 55 zuwa 60 ya daɗe a haka kwanaki, mafi yawan irin ciyawa da ƙwayoyin cuta sun mutu. A juya tsibin sau 2 ko 3 don gefen ya koma tsakiya. Takin ya nuna idan ya yi duhu, ya huce, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka.

Ga gwaji mai sauƙi: a cika kwano da takin, a riƙa ba shi ruwa kwana 10. Idan ya yi kore da ciyawa, bai isa shimfiɗawa ba. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna. Takin juji na cikin gari kuma a tankaɗe shi, a guji wanda aka zubar da batura da tokar roba a cikinsa, saboda dalma da makamantanta suna iya shiga kayan miya.

Ciyayi masu taurin kai

Akwai ciyayin da ba iri kaɗai suke dogara da shi ba, suna da ma'ajiyar abinci a ƙarƙashin ƙasa. A jerin ciyayi mafi muni a duniya da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka fitar a 1977, aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, ita ce ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu, tofa ta bakwai. Dukkansu sanannu ne a fadamunmu.

Kiri-kiri da tofa suna yaɗuwa da jijiyoyi masu gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana iya zama sabuwar shuka. Fartanya tana yanka jijiya ɗaya ta mai da ita goma. Duhu yana kashe su, amma sai an daɗe. A wurin da suka yi yawa a ninka kwali biyu, a jinkirta shuka, a bar wurin a rufe watanni, kuma a lokacin da akwai damshi, domin jijiyar da ke barci a busasshiyar ƙasa ba ta ƙarar da ajiyarta. Duk tsiron da ya leƙo a cire shi nan take, kada ganyensa ya sha rana ko na mako guda. A kula da gefe, ta nan kiri-kiri ke rarrafowa.

Aya-aya ta fi wuya. 'Ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa suna jere kamar carbi, guda ɗaya ke tsira yayin da sauran ke jira, kuma idan aka tsinka zaren sai su farka. Tsironta yana da tsini mai huda kwali, har ma da baƙar leda. Rauninta guda biyu ne: ba ta jure inuwa, kuma 'ya'yan suna mutuwa idan sun bushe sarai. Saboda haka a filin da ta mamaye, ya halatta a yi kaftu na farko a tsakiyar bazara, a tsince abin da aka gani, a bar sauran a rana mako 2 ko fiye ana juyawa, sannan a kafa fangali a dasa abin da ke rufe ƙasa da wuri, kamar wake ko dankalin Hausa ko kabewa. Haka nan ƙasar da ta daskare kamar daɓe, ana iya sassauta ta sau ɗaya da cokali mai yatsu na lambu ba tare da an juye ta ba.

Kulawa ta yau da kullum

Barin kaftu ba ya kawar da ciyawa baki ɗaya. Iska da tsuntsaye da ruwa za su ci gaba da kawo iri. Bambancin shi ne ciyawar kaɗan ce, kuma tana fita da sauƙi daga taki mai laushi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a zagaya sau ɗaya a mako, a cire su suna ƙanana, ko a shafi saman takin da fartanya, zurfin da bai wuce santimita 2 ba. Kada a bar ko ɗaya ta yi 'ya'ya, gama tushen rukuɓu guda yana zubar da dubban ƙwayoyi.

Idan amfani ya ƙare, a yanke shi daga wuya a bar saiwar ta ruɓe a ciki, ramin da za ta bari hanyar ruwa ce. Amma saiwar tumatir ko kuɓewa da ta yi ƙulli-ƙulli alamar tsutsar ciki ce ta ƙasa, sai a tumɓuke ta a ƙone, kuma a sauya irin shukar da za ta biyo baya. Kafin kowane zagayen shuka, na rani da na damina, a ƙara taki kaurin santimita 3, wato kamar bokiti 5 zuwa 6 ga fangalin da muka lissafa. Kada a bar fangali tsirara tsakanin zagaye biyu.

Abu guda ya kamata a riƙe: irin da ke zurfi bai mutu ba, hasali ma ya fi daɗewa da rai a ƙasar da ba a taɓawa. Wanda ya yi shekara 3 ba kaftu sannan ya juye fangalin, ya buɗe rumbun da ya rufe.

Kammalawa

A 2015 mujallar Nature ta buga nazarin da ya tattara sakamakon bincike 610 daga sassan duniya a kan gonakin da ba a huɗawa. An gano cewa a dunƙule barin huɗa yana rage amfani da kashi 5.7 cikin 100, amma idan aka haɗa shi da lulluɓe ƙasa da sauya shuka, a busassun wurare masu dogara da ruwan sama, amfani yana ƙaruwa da kashi 7.3 cikin 100. Ko da yake nazarin a kan manyan gonaki ne, darasinsa ya shafi lambu: ajiye fartanya shi kaɗai ba ya isa, lulluɓin ne ke yin aikin.

Wannan ne kuma ya sa hanyar ta fi dacewa da lambun gida da na makaranta da ƙananan fangula na sayarwa, inda ake iya samun isasshen taki, fiye da babbar gona inda kara da harawa abincin dabbobi ne. Shawararmu ga mai karatu ita ce ya yi gwajin da kansa: fangali biyu a jere, iri ɗaya, taki daidai, ɗaya a kafce ɗaya a lulluɓe. Ya rubuta yawan bokitin ruwa da mintocin cirar ciyawa da nauyin amfanin kowanne har zagaye biyu, sannan ya yanke hukunci da abin da littafinsa ya nuna.